Ni da karnukan Kaka a dajin Epping

Masu bibiyar wannan fili sun san ba kasafai nake kawo zancen kaina ba, amma wannan makon sai an yi haƙuri da ni. Yau kwana arba'in da uku ke nan, kullum da zarar gari ya fara wayewa nakan zura dogayen takalman roba, in naɗe wuyana da mayafin ulu, in tsallaka gidan maƙwabciyata in kwanto karnuka biyu mu shiga daji. Da a ce wani ya yi mini duban wannan rana a shekarun da nake koyarwa a Katsina, da na ce masa ya mayar wa mutane kuɗinsu.

Maƙwabciyar tawa Baturiya ce, shekarunta 81, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta guda kuma yana can Ostareliya. 'Ya'yana suna kiran ta Kaka, ita ma ta karɓi sunan hannu biyu, har takan sa shi a ƙasan takardar gaisuwar da take turo musu ranar Sallah. Daren da naƙuda ta kama maiɗakina, ita ce ta kwana da manyan yaran, ba tare da mun roƙe ta ba. A farkon watan Oktoba ta zame a ɗakin girki ta karya ƙashin ƙugu. Da na je duba ta a asibiti bayan an yi mata aiki, ba ta yi mini zancen ciwo ba ko sau ɗaya. Ta riƙe hannun rigata ta ce, "Ɗana, karnukan nan fa? In ba a samu mai fita da su ba, sai dai a kai su gidan da ake ajiye marasa galihu. Babban ba zai kai bazara a can ba."

Na ce mata zan yi shawara, wanda a Hausance kowa ya san ma'anarsa. Na taso ne a inda kare na mafarauta ne da makiyaya da masu gadi, ana jefa masa ƙanzo daga nesa, ba a shafa kansa, in ya kusanci tabarmar salla a bi shi da takalmi. Ko a karin maganarmu ba mu raga masa ba: in abu ya lalace mu ce ya zama mushen kare, in mutum ya zubar da girmansa mu ce ya yi zaman karen da ba shi da ubangida. A daren nan na kira wani malamina na gida na shimfiɗa masa matsalar. Ya yi dariya ya tuna mini abin da muka karanta tun muna yara muka manta, cewa a mazhabar Malikiyya duk mai rai tsarkakakke ne, har da kare da yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarni ne kawai. Ya ce ba ajiye su zan yi ba, amanar maƙwabciya zan riƙe, kuma haƙƙin maƙwabci bai tambayi addininsa ba. Maiɗakina ta kafa nata sharaɗin, wanda ya fi na malam tsauri: ba za su taka ko dokin ƙofarta ba, kuma rigar da nake fita da ita a rataye take kwana a waje. A kan haka aka daidaita.

Babban baƙi ne wuluk, ya shekara goma sha biyu, gemunsa ya yi furfura, yana tafiya kamar dattijon da ya san ba inda za a je a bar shi. Ƙaramar kuwa 'yar firit ce mai gashi buzu-buzu, irin waɗanda aka yi kiwon kakanninsu domin shiga ramin yanyawa. Suna da sunayensu na Turanci, amma ni na raɗa musu nawa: shi Duna, ita Ba-ruwana, domin in ta yi ɓarna haka take kallon mutum. Abin mamaki, cikin mako guda suka fara amsawa.

Dajin da muke shiga sunansa Epping. Ya miƙe kusan kilomita 19 daga gabashin birnin Landan zuwa cikin yankin Essex, faɗinsa wajen hekta 2,400, siriri ne mai tsawo kamar an shimfiɗa rawani. Jirgin ƙasan da ke ratsa tsakiyar Landan ta ƙarƙashin ƙasa yana sauke mutum a garin Loughton, daga tasha zuwa bakin itatuwa tafiyar 'yan mintoci ce. Babu shinge, babu ƙofa, babu mai karɓar kuɗin shiga. Mutum yana tafiya a titi tsakanin gidaje, sai kawai kwalta ta ƙare, laka ta fara.

Masu ƙamus sun fassara wannan lokaci na shekara da kaka, kuma na daɗe ina jin fassarar ba ta zauna mini ba. Kakarmu lokacin cika ce. Gero ya shiga rumbu, dawa ta sunkuyar da kai, ana roron wake, ana biyan bashi, ana sa ranar aure, yara suna shan takanɗa har leɓɓansu su tsage. Tasu kuwa, musamman ƙarshenta, lokacin janyewa ne. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba suka mayar da agogo baya da awa guda, yanzu rana ba ta fitowa sai bakwai da rabi, magariba kuma ƙarfe huɗu. Mutum yana idar da Azahar, kafin ya gama lazimi La'asar ta kawo kai. Itatuwa suna jin wannan gajarcewar yini kafin mu. Sukan janye koren sinadarin da ke cikin ganye su mayar da amfaninsa cikin jiki su adana, sai launukan da koren ya rufe tun bazara su bayyana, rawaya da ruwan goro da ja, sannan itacen ya toshe mahaɗar ganyen da reshe ya sake shi. Makonni uku da suka wuce dajin kamar an watsa masa kwaɓaɓɓen lalle. Yanzu yawancin ganyen yana ƙasa, ya jiƙe, ya yi duhu, yana wani ƙamshi mai kama da na tsohon rumbu bayan ruwan farko. Ƙananan itatuwan da suke kira beech ne kawai suka riƙe busasshen ganyensu, za su yi ta kaɗa shi har sabo ya tunkuɗo shi.

Nakan tuna gawo a irin wannan lokaci. Shi ne ɗan tawayen itatuwanmu, yana zubar da ganye da damina lokacin da kowa ke yin kore, ya tsaya tsirara a tsakiyar gona ya bar wa gero rana, sa'an nan ya yi lif da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa da abin ci. Na yi ƙoƙarin bayyana wa wani masanin itatuwa da muke haɗuwa da shi a hanya, ya ce ya karanta labarinsa a littafi amma bai taɓa gani ba. Na ji wani irin alfahari, kamar ni na dasa shi.

Kare ba ya tafiya a daji yadda mutum ke tafiya. Ni ina bin hanya da ido, su suna bin ta da hanci, kuma dole na koyi tsayawa inda ban ga dalilin tsayawa ba. Ta haka na fara ganin abin da da na wuce shi: sawun barewa a laka, laimar kwaɗi iri-iri a jikin ruɓaɓɓen kututture, kurege yana binne 'ya'yan itacen oak a inda shi kansa zai manta. Laimar kwaɗin nan dokar dajin ta hana tsinkar ta, kuma ana gurfanar da masu cika jakunkuna da ita domin sayar wa gidajen abinci. 'Ya'yan oak ɗin kuma guba ne ga kare in ya ci da yawa, don haka rabin aikina a makonnin farko shi ne zaro su daga bakin Ba-ruwana, ni da ban taɓa tsammanin yatsana zai shiga bakin kare ba. Akwai kuma aikin da ba zan yi dogon bayaninsa a jaridar da ake karantawa a gaban manya ba: doka ta wajabta wa mai kare ya kwashe abin da karensa ya ajiye, a leda, ya ɗauka har inda kwandon shara yake. Ranar farko na waiga gabas da yamma don kada wani ɗan garinmu ya gan ni.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne surar tsofaffin itatuwan. Gangar jikin ta kan tashi kamar tsayin mutum da rabi, ta yi wani ƙaton kai mai ƙulle-ƙulle, daga nan rassa su fito a tare su miƙe sama kamar yatsun hannu. Duk wanda ya taɓa ganin itacen da makiyayi ya saba sassabe wa dabbobinsa zai gane aikin gatari ne. Ɗaruruwan shekaru talakawan ƙauyukan da ke kewaye suna da haƙƙin saran rassa domin makamashin hunturu, da sharaɗin su sara daga sama, inda bakin barewa da na shanu ba zai kai ga sabon toho ba. Itacen da ake yi wa haka ba ya mutuwa, ƙara tsawon rai ma yake yi. An ƙiyasta irin waɗannan tsofaffi sun haura dubu hamsin a dajin nan.

Labarin yadda dajin ya tsira ya cancanci a tsaya a kansa. Asalinsa wurin farautar sarakunan Ingila ne, har yanzu a Chingford akwai benen katako da aka gina wa Sarki Henry na Takwas a 1543 domin kallon farauta. Da sarakuna suka daina damuwa da farautar, sai masu ƙasa suka fara yanka dajin suna kewayewa. Maƙwabcinsa, dajin Hainault, majalisa ta cire masa kariya a 1851, aka tumɓuke mafi yawan itatuwansa cikin ɗan lokaci aka mai da wurin gonaki. Epping ma hanyar da ya kama ke nan. A Loughton, mai ƙasar wani limamin coci ne, John Whitaker Maitland, ya kewaye fiye da eka dubu ya hana shiga. Al'adar garin ita ce a fara saran rassa da tsakar daren 11 ga Nuwamba, kuma mutane sun yi imani cewa in shekara ta zo ba wanda ya ɗaga gatari a wannan dare, haƙƙin ya faɗi ke nan. Wani lebura mai suna Thomas Willingale ya ƙi bari ya faɗi. Ya ci gaba da sara, a 1866 aka ɗaure ɗansa da wasu danginsa biyu na 'yan kwanaki saboda sun ƙi biyan tara, shi kuma ya kai ƙara kotu da taimakon wasu masu hali. Ya rasu a 1870 ba a yanke hukunci ba, amma shari'ar tasa ta tsayar da gatarin masu ƙasa har babbar giwa ta shigo. Hukumar tsohon birnin Landan tana da maƙabarta a gefen dajin, wannan fili ya ba ta haƙƙin kiwo kamar kowane manomi, da shi ta shigar da tata ƙarar, ta yi nasara a 1874. A 1878 majalisa ta yi dokar da ta damƙa mata riƙon dajin, bisa sharaɗin ya zauna a buɗe, ba shinge ba gini, domin shaƙatawar jama'a. A watan Mayun 1882 Sarauniya Biktoriya ta zo da kanta ta sanar da cewa dajin na mutanenta ne har abada.

Sai dai labarin yana da ƙaya. Dokar da ta ceci dajin ita ce kuma ta kashe haƙƙin saran da Willingale ya yi yaƙi dominsa. An biya mutanen Loughton diyya, da wani kaso nata aka gina musu zauren taro a 1884, yana nan har gobe, sunansa ma daga saran rassan aka samo shi. Masu ilmin zamanin suna ganin sara ɓata itace ne. Da aka daina, rassan suka yi ta girma fiye da shekara ɗari har suka fi ƙarfin gangar da ke ɗauke da su, inuwarsu ta kashe ciyayin ƙasa, iska mai ƙarfi in ta zo sai ta tsaga itacen gida biyu. Kusan kowane mako ni da Duna muna kewaya wani da ya faɗi. Yau hukumar dajin tana biyan ma'aikata albashi su hau su rage rassan a hankali, aikin da talakawa suke yi kyauta aka hana su. Shanu ma an dawo da su kiwo, masu dogayen ƙaho kamar na Bororo, da wata na'ura a wuya da ke yi musu ƙara in sun kusa iyakar da aka shata musu.

Mu masu fitowa da sassafe mun san juna, ko da yake ba mu san sunan juna ba. Sunan kare ake sani. Ni a dajin nan ba malam ba ne, ba marubuci ba ne, mutumin da ke fita da karnukan tsohuwar nan ne. Akwai direban bas da ke zuwa bayan aikin dare, akwai wata mai 'yan biyu a keken turawa, akwai wani tsoho da karensa ya mutu bara amma bai daina zuwa ba, yana tafe da biskit a aljihu yana raba wa na mutane. Bature ba ya gaisuwa irin tamu, ba ya tambayar gida da iyali da gajiya, amma in ya ga kare sai bakinsa ya buɗe. Shekara tara ina unguwar nan, maganar da na yi da mutanenta cikin kwana arba'in ɗin nan ta fi ta shekara taran. Kuma na lura da wani abu: in itace ya faɗi ya tare hanya, in wani ya zo cikin dare ya juye tarkacen gini, in mota ta buge barewa, in an ga baƙuwar fuska tana abin da ba a gane ba, kafin hantsi labari ya kai ga masu tsaron dajin. Ma'aikatan ba su da yawa. Idanunsu su ne waɗannan mutane da karnukansu, da ke tattake kowace hanya kowace rana, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara.

Ranar Talatar makon jiya wani aiki ya riƙe ni, ban samu fita ba sai bayan La'asar. Hazo ya sauko, irin nasu mai jiƙa tufafi, ba mai ƙura irin na hunturunmu ba. Mun yi nisa, na kwance wa Ba-ruwana igiya kamar yadda na saba, sai ga wata 'yar ƙaramar barewa mai kama da gadarmu ta gilma. Asalin irinta daga Sin aka kawo su, suka tsere daga gandun wani basarake suka bazu a ƙasar. Kafin in buɗe baki Ba-ruwana ta bi ta, hazo ya haɗiye su duka biyu.

Na yi kira har muryata ta dushe. Na bar hanya na kutsa cikin ƙaya, abin da bai kamata in yi ba, domin cikin minti goma ban san gabas ba ban san yamma. Duhu ya fara haɗuwa. A nan ne wani abu ya taso mini wanda na ɗauka na baro shi a gida. Gabana ya faɗi, ƙafafuna suka yi sanyi, na tsinci kaina ina kasa kunne. Ba kukan kare nake saurare ba. Ƙarar babur nake saurare. Ina tsaye a dajin da ke da tashar jirgi a gefensa, a ƙasar da ko 'yan sandanta yawanci ba sa ɗaukar bindiga, amma jikina ya san abu guda ne kawai game da daji da magariba. Duna ya zo ya jingina da ƙafata, ban ture shi ba.

Sai na hango haske yana tahowa. Wata tsohuwa ce, ta kusa saba'in, ita kaɗai, da tocila a goshi da sanda a hannu da wani ƙaton kare a gaba. Ta ce ta ji kirana tun daga nesa. Ta ce in daina yawo, in koma daidai inda karyar ta bar ni in tsaya, domin kare sawunsa yake bi ya dawo, mai nema ne ke ɓatar da shi. Ta raka ni har wurin, domin ita ta san shi ni ban sani ba, muka tsaya muna jira tana ba ni labarin jikokinta. Bayan kamar rubu'in awa sai ga Ba-ruwana, laka har kunne, harshe a waje, tana kallona da idon nan nata. Na tambayi tsohuwar ko ba ta jin tsoron daji da dare. Ta dube ni kamar na tambaye ta ko tana tsoron ɗakin girkinta. Ta ce shekara talatin tana bin hanyar nan, abin da take tsoro kawai santsi ne.

A daren nan ƙanena ya kira ni daga gida. Ƙauyenmu yana yammacin Katsina, a gefen dajin Rugu. A cikin dajin nan na yi ƙuruciyata: can muke zuwa cin kanya da magarya da ɗinya, can mata ke itace, can ake haƙo saiwar magani, can mafarauta ke shiga da karnukansu bayan an gama girbi, mu yara muna biye da su har inda aka kore mu. Na tambaye shi labarin kaka. Ya ce, "Yaya, ta gonar bayan gida mun shigar, alhamdu lillahi. Ta bakin daji kuwa dawa ta nuna har ta fara zuba, amma ba a shiga sai an biya, kuma ko an biya ba tabbas." Ya faɗe shi ne a sanyaye, yadda mutum zai ce an yi ruwa ko ba a yi ba. 'Ya'yansa, babbar tana da shekara goma sha ɗaya, ba wanda ya taɓa taka inda muka yi wasa. A wurinsu daji suna ne na inda ake kai mutane.

Na kwana ina juya abin. Kada mai karatu ya ɗauka Turawa wasu mutane ne da Allah ya yi wa dazuzzuka masu lafiya. Wannan Epping ɗin maɓoyar 'yan fashi ce a ƙarni na 18. Ƙungiyar da Dick Turpin ya yi zamani a cikinta da satar barewa ta fara, ta koma fasa gidaje, a 1735 suka shiga gidan wata tsohuwa a Loughton suka yi mata barazana har aka nuna musu inda kuɗinta yake. Shi Turpin an rataye shi a York a 1739 kan satar doki. Matafiya sun daɗe suna fargabar ratsa dajin kafin sintirin mahaya dawaki da gyaran hanyoyi da ajiyar kuɗi a banki su karya sana'ar. Wato tsaro na hukuma ne ya fara zuwa, kuma ba wanda zai ce yawon kare zai kori mai bindiga daga Rugu ko Kamuku ko Sambisa. Wanda ya faɗi haka bai san zafin abin ba.

Amma akwai tambayar da ba na jin muna yi: in an kore su, wa zai shiga? Dokar 1878 ta tsare daji ne ta hanyar shigar da mutane cikinsa. Dokokin gandun daji da muka gada daga mulkin mallaka ta hanyar fitar da mutane suka tsare shi. Ina yaro na ga malamin daji ya ƙwace gatarin wata gwaggona, ta bi shi tana roƙo har bakin kasuwa. Darasin da kowa ya ɗauka a ranar shi ne daji na gwamnati ne, kai ɓarawo ne a cikinsa ko da kakanka ne ya raɗa wa kowace fadama suna. An yi dokar makiyaya a Jihar Arewa a 1965, aka shata wuraren kiwo da burtali, sa'an nan aka zuba ido ana yanka su ana rabawa masu hannu da shuni. Da malaman daji suka ƙare, albashi ya gagara, babur ya lalace ba a sake ba, sai aka wayi gari wuri mai faɗin gaske ba na gwamnati ba, ba na talaka ba. Wuri kuwa ba ya zama babu mai shi. Yanzu ana ta maganar ɗaukar dakarun tsaron daji, kuma ina goyon baya, amma ban ji wanda ya ce uffan game da haƙƙin mai itace da mai zuma da mai magani da makiyayi da mafarauci ba, a rubuce, da iyaka da lokaci, yadda in wani mai ƙarfi ya zo kewaye wurin za su iya tsayawa gaban alƙali kamar yadda lebura Willingale ya tsaya. Mutanen Epping sun yi kuskuren raba daji da gatarin talaka, suna biyan kuɗin kuskuren har yau, alhali su itatuwa kawai suka yi asara.

An sallamo Kaka ranar Juma'a. Tana tafiya da wani ƙarfe mai ƙafa huɗu, daga kujera zuwa taga, daga taga zuwa kujera. Likita ya ce wataƙila zuwa bazara ta iya kaiwa bakin titi, amma laka da saiwoyin daji sai dai ta manta da su. Ta san haka, ba ta ce komai ba. Abin da ta roƙa shi ne in na dawo kullum in tsaya a bakin ƙofa in faɗa mata abin da na gani, kuma ba ta yarda da "lafiya lau". Sai na faɗi wace hanya muka bi, ko ƙoramar ta cika, ko babban itacen da ke kusa da tafki ya ƙarasa zubar da ganyensa, ko tsohon nan mai biskit ya fito. Shekara hamsin tana bin hanyoyin, ta fi ni sanin inda nake nufi tun kafin in gama kwatance.

Duna ma ya fara gazawa. Jiya a hawan tudun da muke bi kullum ya tsaya a tsakiya, ya zauna cikin ganye, ya dube ni. Raɓa ta daskare a kan ciyawa ta yi fari fat, numfashinmu yana fita kamar hayaƙi. Na zauna a kan wani kututture muka huta tare, Ba-ruwana tana ta jan igiya. Da muka dawo Kaka ta tambaye ni ko ya hau tudun. Na ce ya hau, amma sai da muka tsaya sau biyu. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce gobe mu bi ta ƙasa, ta gefen ƙorama, hanyar ta fi tsawo amma ba hawa, kuma in kula da wata gadar katako da ke can, tana da santsi a wannan watan.